Ranar da kwamfuta ta kai ƙarar duk wata Amina

Jiya Baba ya ja hannuna har Islamiyyarmu ta unguwar Maamobi, ina kuka. Saƙo ya shigo wayarsa wai na gudu daga karatu, alhali na je. Ya ce in gaskiya ne, zan sha bulala a gaban kowa.

Muka tarar da iyaye cike da harabar, kowa riƙe da 'yarsa. Dukkanmu sunanmu Amina!

Malam ya buɗe kwamfuta yana gumi. Ya ce manhajar da ke tura wa iyaye saƙo a kulle aka sayo ta, amma an bar gurbin da zai rubuta nasa umarnin. Wata Amina ce ke gudun karatu, sai ya rubuta: in sunan ɗaliba Amina ne, a tura wa uba saƙo.

Baba ya ce, "Malam, wace Aminar?"

"Alhaji, ai na san wadda nake nufi."

"To, kwamfutar ta sani?"

Malam ya goge layin da ya rubuta.

A hanya Baba ya ce, "Amina, yafe mini." Wallahi ban taɓa jin haka daga bakinsa ba.

Da ku ne, me za ku ce masa?