Batir Mai Shida

Babur ɗin da mahaifina ya bar mini ya girme ni. Ɗan Japan ne, ja, kujerarsa ta sha faci har ba a gane fatar asali. Da ƙafa ake tayar da shi, don haka batir ba ya masa aikin komai sai fitila da oda. Ni kuwa ban ɗauki oda a bakin komai ba.

Duk wata nakan tashi daga Sabon Birni in kai wa gwaggona maganin hawan jini a wani ɗan ƙauye bayan Kurawa. Ƙanwar mahaifina ce, idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. A 'yan shekarun nan na 'yan bindiga, kowa a yankinmu ya san abin da ƙarar babur daga daji take sa wa zuciya. Shi ya sa mahaifina ya saba, in ya kai gindin wata tsamiya kafin gari, ya danna oda sau uku. Muryar odar siririya ce, kamar ta ɗan akuya mai mura. Da an ji ta, an san na gida ne. Na gaji wannan tare da babur ɗin, ina yi dai don na ga ana yi.

Wata damina odar ta fara shaƙewa, sannan ta yi shiru. Na ciro batir, na ga ruwansa ya ƙafe, kawunansa sun yi farin gari. Na zaga shaguna, kowa ya juya shi ya yi dariya. Nawa mai shida ne, wato lambar ƙarfin wutarsa, kasuwa kuwa duk ta koma mai sha biyu, irin na baburan yanzu. Ni mutum ne mai gajen haƙuri. Na ce abin da shida ya yi, ai sha biyu ya fi iyawa. Na sayi wanda ya shiga gurbin, na ɗaure shi da roba. Ina kunna fitila ƙwan ya ƙone, na ce dama ya tsufa. Na taɓa oda ta tsala ihu, har na ji daɗi.

Washegari da hantsi na isa tsamiya, na danna sau uku. A na ukun ta yi wani ƙara ta mutu.

Na shiga gari ban tarar da kowa ba. Ga turmi da taɓarya a yashe, ga tukunya a kan wuta, ga takalmi ƙafa ɗaya a bakin rijiya. Gero ya yi tsawo a lokacin, mutanen gari duk sun faɗa cikinsa. Gwaggo kaɗai na samu zaune a kan tabarma, ta yafa mayafinta, carbi a hannu. Na yi sallama. Ta miƙo hannu ta lalubi fuskata.

"Kai na?" ta ce. "Na ji tahiyar babur, ta ɗan'uwana ta. Amma kukan ba nashi na ba. Sai nic ce sun kashe min kai, sun hau abinka sun taho."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Da ta yi faɗan da na fi samun sauƙi. Mutane suka riƙa fitowa daga gona ɗaya bayan ɗaya, suna kakkaɓe jiki, suna yi mini sannu da zuwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na kai babur ɗin garin Isa, wurin wani tsohon bakanike da ya yi wa mahaifina gyara shekara da shekaru. Ya leƙa gurbin batir, ya dube ni ta saman tabarau.

"Garin neman ƙiba ka samo rama," ya ce. "Tsoho ka ba tuwon ƙato."

Ya kwance odar ya sunsuna. Wata 'yar waya ce ta ƙone a ciki, ya ce za ta gyaru. Batir ne aiki. Ya ce in nemi mai shida, busasshe, wanda ba a taɓa zuba wa ruwa ba, in kuma auna gurbin da tsinke kada a kawo wanda ya fi shi. Na auna, na karya tsinke biyu, na tsawo da na faɗi. Na damƙa su ga wani maƙwabcina ɗan kasuwa da ke zuwa Maraɗi, inda tsofaffin babura irin nawa ba su ƙare ba.

Sai da aka yi mako biyar. A tsakani lokacin magani ya zo, na kashe babur tun kafin tsamiya, na tura shi da hannu ina rafka sallama.

Ranar da batir ya iso, bakaniken ya zuba masa ruwan batir gida-gida, daidai layi, ya ajiye shi a inuwa. Na ce mu ɗaura. Ya ce, "Bari shi sha tukuna. Saurin ga naka shi yak kawo mu nan." Na zauna ina kallon batir yana 'yan kumfa har azahar. Ya sa shi a caji kaɗan-kaɗan, ya goge kawunan wayoyi, ya ɗaura ja, sannan baƙi, ya shafa musu giris. Ya ce in taɓa oda. Ɗan akuyan nan mai mura ya yi kuka a garejin, na ji idona ya kawo ruwa.

Da na isa tsamiya na tsaya. Na danna sau uku, na shiga a hankali. Matar da ke daka ba ta ko ɗaga kai ba. Masu jan ruwa suka ci gaba da hirarsu. Ban taɓa murnar a ƙi kula ni ba sai ranar.

Gwaggo tana kwance, ba ta ma tashi zaune ba.

"Tun daga tsamiya nij ji ka," ta ce. "In za ka sake mishi wani abu, ka taho da ƙahwa ka hwaɗa min tukuna. Ba ni iya binne ka sau biyu."