Mansir Mai Situdiyo da Shanun Baffa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 16 ga watan Yuli, 2025, da hantsi, ƙanwarka Sauda ta kira ni ta ce Allah ya yi maka cikawa, Mansir Abdulsalami, bayan gajeriyar jinya. Bayan azahar muka kai ka makwancinka. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma tun a hanyar dawowa daga maƙabarta mutane suka fara tuno barkwancinka, har liman sai da ya murmusa.

Duk wanda ya taɓa yin waƙa a Bauchi ya san ɗan situdiyonka na Gwallaga, tsakanin shagon tela da garejin masu keke. Masu waƙar biki sun shiga, masu bege sun shiga, su Liatu 'yan mawaƙan coci ma can suke ɗaukar nasu. Ba ka taɓa yi wa mai mummunar murya dariya a gabansa ba. Sai ka ba shi ruwa, ka ce, "Kai dai rera, sauran aikina ne."

Wannan "sauran" shi ne abin da ya haɗa mu faɗa shekara da shekaru: ototun, wato gyaran da kwamfuta ke yi wa muryar mawaƙi, ta miƙe duk inda ya karkace. Ni na ce ha'inci ne. Na ce kun mayar da muryar mawaƙan garin nan iri ɗaya, kowa ta hanci yake yi, kuma ranar da aka ɗauke wuta a gidan biki sai ka ga gwani yana rarraba ido. Kai kuma ka ce kowa yana guga kafin ya fita, don me murya za ta fita a yamutse? Ka ce akwai wanda Allah ya ba baiti bai ba shi maƙogwaro ba, shi ke nan sai baitin ya mutu a cikinsa? Ga shi kai Babarbare, ni Bafulatani, babu mai sakar wa wani. Mai shayin layinku in ya hango ni sai ya ce, "To, Mijinyawa ya iso, yau ma babu zaman lafiya."

Sai bara likitoci suka ce za a yi wa mahaifina, Baffa Hammawa, aiki a maƙogwaro, kuma bayan aikin ba zai sake magana ba. Baffa yana da wani kira da yake rera wa shanunsa kowace yamma a Zungur, ya gaje shi ne daga mahaifinsa. Da sun ji, duk inda suke sai su ɗago kai su nufo shi. Mu 'ya'yansa makaranta ta kawo mu gari, babu wanda ya iya. Ni na gwada, ko kallona ba su yi ba. Baffa bai damu da wuƙar likita ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne, wa zai kira masa shanu?

Na ajiye girman kai na kawo maka shi. Ka tarbe shi kamar mahaifinka, ka shimfiɗa masa darduma, ka saka masa abin ji a kunne. Ya dubi bangon ɗakin ya ce, "Ɗana, ina shanun da zan kira?" Da ƙyar ka lallaɓa shi ya kira bango. Sannan ka zauna ka yi aikin da kake alfahari da shi. Ka share rawar muryar tsufa tas, ka daidaita kowane hawa da sauka, ka zuba amsa-kuwwa, har da ɗan fiyano a ƙasa-ƙasa, wai don shanu su ji daɗi.

Ana gobe za a kwantar da Baffa a asibiti muka ɗauki keke napep zuwa Zungur. Bayan la'asar ka ɗora lasifika a kan kututture, ka gyara hula, ka kunna. Wallahi ko saniya ɗaya ba ta ɗago ba. Wata fara ce kawai ta waiwayo, ta koma cin ciyawarta. Baffa ya saurara da kyau, ya ce, "Wane yaro ne wannan? Mura yake yi?" Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Na ce ka sa mana ainihin wanda ka ɗauka, sai ka ce babu shi. Ashe bisa sabo, tun a lokacin ɗauka kake kunna gyaran, muryar Baffa ta gaskiya ba ta ko'ina. Ga rana tana faɗuwa, ga maƙogwaronsa ya dishe, da ƙyar yake haɗiyar ruwa.

A nan na san ko kai wane ne. Ba ka yi musu ba. Ka tuɓe farin takalminka, ka naɗe wando, ka shiga taɓon damina da wayarka a hannu, ka durƙusa gaban Baffa ka ce, "Baffa, laifina ne. Ka taimake ni da sau ɗaya tak." Ya juya ga garke ya buɗe baki. Muryar ta yi rawa, ta tsinke a tsakiya, ya ja numfashi ya ƙarasa. Sai ga shanu tururu! Wani bijimi ya yo kanka, ka zura da gudu kana ihu, "Wayyo Allah! Mijinyawa, riƙe abinku!" Wayar kuwa tana ta ɗauka.

Ka so ka yanke ihun, Baffa ya ce a bar masa kayansa yadda suke. Haka ka ba mu, ba ka taɓa komai ba. Amma kada wani ya ɗauka ka sallama. Tun a cikin keke ka ce shanun ƙauye ne, ba su waye ba, kuma washegari ka koma kan ototun ɗinka. Har ka bar duniya ba mu gama wannan musu ba, kuma wallahi ina kewarsa.

An yi aikin, Baffa ya tashi lafiya, murya kuwa ta tafi. Kowace yamma yana fita da lasifikarka a rataye, ya kunna, shanunsa su zo, ihunka ya biyo baya, ya yi ta dariya marar sauti. Ranar da na kai masa labarin rasuwarka, da kiran ya ƙare bai kashe ba. Ya mayar da shi baya ya sake saurarenka, ya kuma sakewa, shanu sun kewaye shi suna jira. Daga nan ya ɗaga hannu, leɓɓansa suna motsi. Ban ji abin da ya roƙa maka ba, amma na ce amin.

Allah ya jiƙan ka, Mansir, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Baffa ga mahaifiyarka Hajja Yagana, da mai ɗakinka Kubura da yara, da Sauda, da duk mawaƙan Bauchi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.