Azumin da Ya Ƙafar Mini da Nono

Ko zan tsufa har in riƙa tambayar jikokina sunana, ba zan manta da azumin kwana ukun da aka ɗora mini a Batsari ba, shekarar da autata ta kusa tafiya ta bar ni.

Lokacin maigidana yana koyarwa a wata firamare can wajen Safana, sai ƙarshen mako yake leƙo mu. Ni ke gida da yara huɗu, ta goyen tana wata bakwai. Damina na tsakiya gudawa da amai suka kama ta. Cikin kwana biyu yarinyar da nake goyawa ina nishi ta koma kamar tsumma, idanu sun zurma, maɗiga ta lotsa, kukan ma sai ka kasa kunne. Na kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar ta sallame mu da gargaɗi: ruwan gishiri da sukari, kuma kada nono ya bar bakinta.

Ina isa gida na tarar da uwar zumuntar matan cocinmu ta iso da rundunarta, mata biyar. Wannan baiwar Allah in ta fara addu'a kaji ma barin tsakar gida suke yi. Magana take wa Ubangiji kamar mai kiran makiyayi daga ƙetaren rafi. Sai da ta shafe awa guda tana karanta masa tarihin gidanmu, wanda ya fi ta sani, sannan ta buɗe ido ɗaya ta ce an nuna mata.

Na ce, "An nuna miki me, Mama?"

Ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne, 'yata. Azumi ne kaɗai zai ɗaga shi. Kwana uku, ba ci ba sha. Mu ma duk muna tare da ke a ciki."

"Mama, ina shayarwa fa."

"To sai ki zaɓa, cikinki ko 'yarki."

Duk wanda ya san ni ya san tsakanina da abinci amana ce. Nakan tashi da malmala huɗu in tambaya ko an ajiye na ɗumame. Amma uwar da ɗanta ke kwance, in ka ce ta haɗiye fartanya, tambayarka kawai za ta yi ta wane gefe za ta fara. Na ce na ɗauka.

Ranar farko na yi ta da ƙarfina, ina waƙa ina kuka. Rana ta biyu leɓɓana suka tsage, yarinya ta kama nono ta ja, ta ja, ta saki tana wani ɗan kuka kamar na mage. Na matsa, ɗigo biyu. Na ce wa kaina Shaiɗan ne yake shure-shuren ƙarshe, don Mama ta riga ta faɗa mini abin zai tsananta kafin ya yi sauƙi. Ku ji dabara: in yarinya ta samu sauƙi azumi ne, in ta ƙara rikicewa ma azumin ne ke aiki. Safiyar rana ta uku ko ɗigon babu.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana daga wajen Karare da ke kawo mini fura da nono. Da hantsi ta yi sallama, ta sauke ƙwarya, ta fara jero gaisuwa, ina amsawa daga zaune. Ta karɓi yarinyar, ta ɗan tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya a tattare. Ba ta nemi izini ba ta kai hannu ƙirjina.

"Matar malam, ina nonon?"

"Azumi nake yi, Inna. Ina roƙa mata lafiya."

"Azumi da goyo? Tun ina yarinya nake tatsa, ban taɓa ɗaure saniya kwana uku sannan in je mata da ƙwarya ba. Mu ma da watan azumi, mai shayarwa in ta ji wa ɗanta tsoro ajiyewa take yi. Ban san naku addinin ba, amma ban yi zaton an ce ku kashe goyo ba."

Ta dama fura ta miƙo mini, na kawar da kai. Tsoro nake ji. In na karya saura 'yan awoyi, yarinyar nan ta mutu, wa zan ce ya kashe ta?

Muna cikin haka sai ga ɗaya daga cikin rundunar Mama, an aiko ta duba ko ina nan daram. Ta shigo da gasasshiyar masara a hannu, tana gaigaya.

Na ce, "'Yar'uwa, ba azumi muke yi ba?"

Ta ce, "Ai ni na sauke nawa tun shekaranjiya. Mama ta raba mana karɓa-karɓa, kowa daga shida na safe zuwa sha biyu."

"Ita Maman fa, yaushe ne nata?"

"Kin san tana da olsa. Ita ce mai tsara mana lokaci."

Wato mata biyar, kowace ta jinkirta karin kumallo sau ɗaya, shugabarsu tana riƙe da agogo, ni da ake tsotsa ni ce aka shanya kamar kuɓewa. Na jawo ƙwaryar Inna. Ban ma nemi ludayi ba. Ina jin har ƙwaryar na so cinyewa. Da na sauke ta na dubi yarinyar na yi addu'ar da ta fi kowace gajarta a rayuwata: "Ubangiji, ga ta nan, kana gani."

Inna ta tare mana mai mashin muka koma asibiti. Ma'aikaciyar ta wanke ni tas a gaban mutane, na kuwa cancanta. Kwana huɗu muka yi a kwance, yarinyar da robar ƙarin ruwa, ni da kwanon kunun kanwa. Rana ta biyu nono ya dawo. Da na ji tana haɗiya, ƙut, ƙut, na yi kukan da ban yi ba tun farkon ciwon. Yau ta fi ni tsawo, ta kuma kusa kama ni a ci.

Lahadin da muka koma coci Mama ta miƙe ta ba da shaida yadda azuminsu ya ƙwato yarinya daga bakin mutuwa. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, don hannuwana sun samu ƙarfin yi.

Ban daina addu'a ba, azumi ma nakan yi in ba wanda ke jiran jikina. Abin da na koya shi ne, Ubangiji ba ya jiran uwa ta bushe kafin ya dubi ɗanta. Yanzu in na je dubiyar yaro marar lafiya, kunu nake kai wa uwar, in zauna sai ta shanye, sannan mu durƙusa. Duk kuma wanda ya zo mata da sharaɗi daga sama, nakan tambaye shi a gabanta nawa ne kasonsa a ciki.