Mun Yi Wa Tauraron Ɗan Adam Shara

Ina sauka daga motar Ɗambatta na tarar da Kawu Sale, mai unguwarmu, a gindin darbejiya, ƙafafunsa duk kaushi da yankan ciyawa, ya ƙi kallon kowa.

Ciyawar kachala ce ta cinye dam ɗin ƙauyenmu. Ta toshe hanyar ruwan lambuna, masunta sun rataye koma. A wannan tsadar, wanda lambunsa ya bushe sai dai Allah. Kwanaki ma'aikatan gwamnati sun ce tauraron ɗan adam zai ɗauki hoton dam ɗin daga sama, a ga inda ciyawar ta kai, a san inda za a tura injin yanke ta.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

"An kai wa ƙauyen tsallake injin yankan ciyawar."

"Ba mu muka fara kai kuka ba?"

"Mu ne. Amma da na ji za a ɗauke mu hoto, sai na sa aka yi gayya. Kwana da kwanaki muna cikin ruwa da lauje. Haba ɗan nan, baƙo zai leƙo daga sama ya same mu cikin ƙazanta?"

Hoto ya fito, gefenmu fes. 'Yan tsallake, da ko tsinke ba su ɗaga ba, nasu kore shar. Injin ya bi hoto.

"To yanzu fa?"

"Ta sake tsirowa, alhamdulillahi. Duk wanda ya taɓa ta, ni da shi."

An koya mana rufin asiri a gaban baƙo, ba a faɗa mana ranar da ake buɗe shi ba. Ku a garinku, wace kunya ce ta taɓa ja muku asara?