Takardar da ta ce Hajo ba ta da ɗiya

Kafin Larabar nan, duk kukan da nake yi na littafin soyayya ne. Ina cikin karatu Hajo ta yi sallama. 'Yar gudun hijira ce, ta sauka maƙwabtanmu nan Tasawa.

Ta kwance bakin zane ta miƙo mani takardar rajistar da aka ba ta a kan iyaka. "Amarya, an ce kina karatu. Duba mani inda suka kai yarinyar."

A kan iyaka aka ɗauki ɗiyarta a mota, wai za a kai ta likita. Wata biyu ke nan.

Na karanta Faransancin sau biyu. Wurin 'ya'ya, babu aka rubuta.

"Yaya, ba su tambaye ki sunanta ba?"

"Sun tambaya. Ɗiyar fari ce, ƙaƙa zan faɗi sunanta gaban maza? Na sadda kai, shi ko mai rajistar ya rubuta abinsa."

Kunyar da ake yabon mu da ita ta shafe 'yar shekara shida, kuma babu wanda ya sake tambaya.

Jama'a, wanda ya san inda ake cigiyar yara cikinku, ya rubuto mani. Hajo ta raɗa mani sunan ɗiyar. Litinin zan raka ta Maraɗi wurin hukuma, ni zan faɗa masu sunan.