Geron da Matan Fakku Sunka Aika Falasɗinu

Ban taɓa mantawa da ranar da ɗan doka ya riƙe kan kekena a bakin kasuwar Kebbe ba. Tun da kun ce in ba ku labarin aiki, shi zan ba ku.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna Jihar Arewa. Ni ma'aikacin En'e ne, wato hukumar gargajiya, a ɗakin karatu na Tambuwal. Kada ku ɗauka malami ne ni. Elementare ma ban ƙare ba, sai dai ina da murya, kuma ba na in'ina a boko. Aikina in ɗaure akwatin littattafai a bayan keke, in bi ƙauyuka, in zauna ƙofar gidan maigari bayan la'asar in karanta wa jama'a. In na dawo in faɗa wa shugabana, Malam Bello mai kula da ajin manya, wane littafi anka so, wane anka yi gyangyaɗi a kai. Doka guda ya kafa mini: tuwo da ruwa in an ba ka ka ci, amma ko ƙwan zabo kada ka karɓa daga hannun talaka. Wanda anka kama, kora ce, wani lokacin har gidan yari.

Yawancin littattafan na tsafta ne da noman auduga. Sai wani malami mutumin Jabo, da ya yi karatu a Sudan, ya dawo da ɗan littafin Larabci. Ya juya shi Hausa, akawunmu ya buga da tafireta, anka sa mini a akwati. Ƙagaggen labari ne na wata Bafalasɗiniya, Safiya. An kore su daga ƙauyensu tana da tsohon ciki, ta haihu a hanya, ta ƙare a sansanin 'yan gudun hijira, tana bin layin karɓar gari. Littafin ya ƙare tana nan cikin tanti, furfura ta fito.

Da kaka na kai shi Fakku. Kafin in buɗe na ce musu ƙage ne, da na rufe na sake faɗi. Ban taɓa ganin littafin da ya ta da gardama kamarsa ba.

Ɗanjuma mahauci ya fara. "Wanga marubuci rago na. Ya fid da mace gida, ya kasa maishe ta. Da alƙalamin na hannuna, shafi guda na kai ta ɗakinta."

Wani Buba mai shanu ya ce shi ba wannan ya dame shi ba. "An ce ta bar awaki ɗaure. Wa ya kwance su? Duba da kyau, ko ka tsallake wurin."

Na ce ban tsallake ba. Ya ce to marubucin bai taɓa kiwo ba.

Mata suna gefe, jikin danga. Cikinsu akwai Gwaggo Hajo, ungozomar garin, tsohuwar da ko maigari ba ya katse ta.

"Kai mai keke, wanda ya rubuta wanga labari namiji na ko?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Namiji na. Ya ce ta haihu bisa hanya, bai ce ina anka bizne cibiya ba. Mace ba ta mance wannan. Yaron in ya girma, ina za shi ce shi ne garinsu?"

Wata mai goyo ta ce, "Amma ya san yunwa, Gwaggo. Inda ya ce tana motsa baki ba komi ciki don ɗiyanta su zaci ta ci, wannan ba a zamne a ƙaga shi."

Da safe na fito zan tafi, sai ga jaki a ƙofar masaukina, an labta masa damman gero da dawa har ba a ganin bayansa. Matan ne sunka fitar daga gayaunarsu, ɗan abin da kowace ta noma da hannunta. Gwaggo Hajo na riƙe da igiya.

"Kai ma'aikacin gwamnati na, ka san hanya. Ka kai ma Safiya."

"Gwaggo, babu Safiya. Na faɗa muku."

"Mun ji."

"To ku mai da hatsinku."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. A wurinsu sadaka in ta fita ƙofa ba ta komawa rumbu. Wadda ta mai da tata, ta jawo wa gidanta rashin albarka. Na je wurin maigari, ya ce, "Ni da nika zama da su ban iya musu ba, balle kai." Na ja kekena na kama hanya. Hanyar rairayi ce, tura keke ake yi. Ina waiwayawa sai ga tsohuwa tana koro jaki a bayana. Na yi faɗa, na yi roƙo. Ta ce ita hanyar Allah take bi.

Daf da Kebbe ta tsaya gaisawa da wata 'yar'uwarta. Jaki bai tsaya ba, ya biyo keke. Haka munka shiga bakin kasuwa, ni da hular aiki, hatsin talakawa na bin ƙafata. Ɗan dokan da ya tare ni bai yi laifi ba. Ko ni ne zan kama ni.

Anka kai ni gaban uban ƙasa, wato hakimin gundumar. Na tuɓe takalmi na faɗi.

"Hatsin wa?"

"Na Safiya, ranka shi daɗe."

"Ina Safiyar?"

"Babu ta, ranka shi daɗe."

Fada ta kwashe da dariya. Magatakarda bai yi ba. Ya ce ya ga masu karɓa da sunan haraji, ya ga masu karɓa da sunan baƙon gwamnati, yau ya ga mai karɓa da sunan matar da ba a haifa ba. Ya ce a rubuta wa Tambuwal. Ni na san abin da takardar za ta haifa. Ina da iyali, ba ni da gona.

Sai ga Gwaggo Hajo, tana faɗa da dogari wai an sace mata jaki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Uban ƙasa ya tambaye ta ko na roƙe su hatsi.

"Wanga? Tun Fakku shika korata kamar kaza."

"Ya gaya muku labarin ƙage ne?"

"Har bakinai ya bushe. Ranka shi daɗe, suna anka ƙaga. Korar an ƙaga ta? Yunwar an ƙaga ta?"

Uban ƙasa ya juya ga wani alhaji da ke zaune a fadar, ya ce ko akwai irin mutanen nan. Alhajin ya ce akwai, ya gan su da idonsa a ƙasa mai tsarki, kuma bai ji daɗin abin da ya gani ba.

Nan anka yanke. Hatsi ba zai koma Fakku ba, ba kuma zai taɓa hannuna ba. Sarkin kasuwa zai sayar a gaban shaidu, a damƙa abin da anka samu ga Malam Umaru, wani maniyyaci da ke shirin tafiya hajji ta ƙasa. Anka kira shi. Mutum ne mai tsoron amana, ya ce, "Gwaggo, cikin dubun dubatar mutane, ƙaƙa zan gane ta?"

Ta ce, "Ka tambayi mace ina garinsu. Wadda ta faɗa maka sunan gari, ta ce amma ba ta iya zuwa, ita ta. Ka ba ta."

Ba wanda ya yi dariya. Magatakarda ya ajiye alƙalami, ɗan doka ya miƙo mini kekena.

Da na koma Tambuwal, Malam Bello ya tambaye ni ra'ayin jama'a kan littafin, kamar kullum. Na ce maza sun ce an ɓata ƙarshe, mata sun ce an manta cibiya, amma shi kaɗai ne a akwatin anka taɓa ɗora wa jaki kaya saboda shi. Ko Malam Umaru ya same ta, ban sani ba. An yi mini canjin wurin aiki kafin ya dawo.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke aikin yanzu. Mutumin ƙauye ya san ƙarya sarai, ba sai kun yi ta nanata masa ba. Amma in ya ji gaskiya a cikinta, ba ya tafawa ya tashi kamar mu. Sai ya shiga rumbu. Saboda haka kafin ka buɗe littafi a gaban mutane, ka san abin da za ka yi in sun yarda da shi.