Lakar rijiyar babana

A Diffa, in ana son labarin ruwa, ƙofata ake nunawa. Ban shiga lakkwal na yi boko ba, amma ni ke faɗa wa mutane cewa Tafkin Cadi ya taɓa kwana inda muke shanya tattasai yau. Wajen kakata na gada, ina kuma ƙara gishiri, don labari ba gishiri lami ne.

Jikata ta yi karatu mai nisa. Aikinta, in ji ta, wankin laka ne. Ana haƙo lakar daga ƙasan teku, a tsince ƙwanson wasu halittu da ba su kai ƙwayar gero ba, a auna su a na'ura, su faɗi zafin ruwan zamaninsu. Na ce ashe abokan sana'ata ne. Ta ce su dai ba sa ƙari.

Da ta zo hutu, ta ga ƙullin farar laka mai ƙananan katantanwa cikin kwallata, ta tambayi asalinsa. Maƙwabta na zaune, kunnuwa a buɗe. Bakina ya riga ni. Na ce daga rijiyar babana ne a Tumur, gaba bakwai cikin ƙasa. Alhali a bakin kogin Komadugu na kwaso ta, wajen Geskeru, bayan ambaliya, don shafen ɗaki.

Ta ce a kan lakar nan za ta rubuta takardar gama karatunta. Nan ma ban gyara zancen ba. Daɗi ma na ji.

Bayan damina, jikata ta dawo a rame. Awo ya nuna katantanwar ta jiya-jiya ce. Mushenta, malamin da ke duba aikinta, ya ce a sake tambayar tsohuwa, ita kuwa ta ce masa kakarta ba ta ƙarya, sai dai in hannunta ne ya gurɓata lakar. Sau uku tana sake awon.

"Kaka, kwatanta mini rijiyar. Gobe zan je Tumur in ɗebo da kaina."

A lokacin ko masu kifi sun bar hanyar nan saboda 'yan bindiga.

Sai na ce, "Ƙawata, babana masunci ne. Bai taɓa haƙa rijiya ba."

Da ta yi mini faɗa, da na ji sauƙi. Littafi kawai ta ɗauko, ta ce in faɗi inda na kwaso lakar da shekarar, ta rubuta.

Shekara guda na ƙara mata a karatu. Wannan labarin ma ita ke rubuta mini, kuma duk inda na ja numfashi sai ta ɗago kai ta dube ni.